Ƙarin Sifirin da Haƙƙin Wanda Ke Saman Lodi

A ƙasar Zuru da wuya ka ga a-kori-kura tana aiki yadda kamfani ya ƙero ta. Kafin ta ɗauki buhu ko ɗaya sai ta kwana wurin mai walda. A ɗaga mata bodi da ƙarafa, a yi mata keji har saman kan direba, a maƙala mata bamba mai kauri, a ƙara fitilu. Sannan a zo babban aikin: a kwance sifirin na baya a cusa masa falle biyu ko uku, sau da yawa na tsohuwar Kanta da aka yanka. Masu motocin suna da majalisarsu a bakin gareji bayan la'asar, kuma hirar ba ta wuce nan: wace taya ke jure tsakuwa, wane falle ne ba ya karyewa, shokazoba ɗan Kwatano ko sabo ɗan Sin, injin fetur ko na gas. Ƙanena yana cikinsu da tsohuwar Hilux ɗinsa. Ni hatsi nake saye in sayar, shi ke kwaso mini, shi ya sa nake yawan zama a gefen bencinsu.

Ba don ado ake wannan aiki ba, ko in ce ba don ado kaɗai ba. Ƙasarmu ta duwatsu ce da rafuka, hatsin kuma ba a bakin kwalta yake ba. Masara da dawa da wake suna can cikin ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba da Fakai, sai an kwaso su an kai Bena ko Ribah ko cikin Zuru kafin babbar mota ta gan su. Da can aikin jakuna ne. Daga baya Fijo ta karɓa, musamman bayan an buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kaduna a 1975, kuma har gobe akwai dattawan da ba su yarda an ƙera abin da ya fi 404 ba. Yanzu zamanin Hilux ne. Abin da kamfani ya yanka mata kusan tan ɗaya ne, wato buhu goma na masara mai kilo 100, kuma nauyin direba da yaron mota yana cikin lissafin. Abin da ido ke gani ranar kasuwa ya ninka haka. A saman buhunan ga mata da kwanduna, ga samari sun zuro ƙafafu, ga akuya a ɗaure tana kuka.

Wata rana wani malami ya kawo babur ɗinsa faci, ya tsaya yana kallon yaran gareji suna dukan fallen ƙari da guduma don ya shiga. Ya dubi ƙanena ya ce, "Maigida, da jaki ne za ka yi masa haka?" Ƙanena ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ƙarfe ne. Ba ya jin yunwa, ba ya jin bulala, ba kuma zai kai ƙarata gobe kiyama ba." Majalisa ta fashe da dariya. Malam ya yi murmushi, ya biya mai faci, ya hau abinsa.

Abin da ƙanena ya faɗa gaskiya ne, sai dai gaskiyar ba ta wanke shi ba.

Dabba tana da haƙƙi a kan mai ita, wannan ko yaron makarantar allo ya sani. Abu Dawuda ya ruwaito labarin raƙumin da ya zubar da hawaye da ya ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har aka kira mai shi aka tsawata masa a kan yunwa da yawan aikin da yake ɗora masa. Ƙarfe ba shi da wannan matsayi. Wanda ya karya aksul ɗin motarsa bai zalunci aksul ba, iyakarsa dai ya ɓarnatar da dukiya. Amma malaman da suka rubuta aikin hisba ba su tsaya a kan dabba ba. Al-Mawardi, wanda ya rasu a Bagadaza a 1058, da yake lissafa ayyukan mai hisba, ya sa har da hana masu jirgin ruwa ɗora wa jirgi abin da ya fi ƙarfinsa. Jirgi katako ne, bai fi ƙarfe jin zafi ba. An hana ne saboda waɗanda ke cikinsa. Mu mutanen Kebbi ba sai an yi mana dogon sharhi a nan ba, mun ga abin da ya faru a kogin Kwara kusa da Warrah a watan Mayun 2021, da jirgin da aka cika maƙil ya nutse da mutane masu yawan gaske. To haƙƙin da ke kan mai jaki bai ɓace ba ranar da jaki ya zama mota. Ya tashi daga abin hawa ya koma kan tsohuwar da ke zaune a saman buhu na ashirin.

A nan ne ƙarin sifirin ya dame ni, kuma ina so a fahimce ni, don ba gyaran kansa nake ƙi ba. Jaki idan an yi masa lodin da ya wuce kima gurfanawa yake yi. Ko ka dake shi ba zai tashi ba sai ka rage. Allah ya ba shi hanyar cewa a'a. Mota ma tana da tata hanyar, guda ɗaya tak: bayanta ya zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako a hannu, taya ta fara gogar bodi. Ko wanda bai taɓa riƙe sifana ba, idan ya ga haka ya san an wuce gona da iri. Fallen da aka ƙara wannan alamar yake sharewa. Motar ta tsaya cak da lodi ninki biyu, kowa ya ce ma sha Allah, ƙarfe ya yi ƙarfe. Alhali birkin da ke ƙasa shi ne dai na tan ɗaya. Aksul ɗin bai ƙara kauri ba, boris ɗin bai sauya ba, tayar tana nan da iyakarta a rubuce a gefenta. A gangara nauyin ne ke tura mota, birki ya yi zafi, zafin ya kai inda za ka taka ka ji kamar babu komai a ƙasan ƙafarka. Lodin da aka tula sama kuma shi ke kifar da mota a kwanar da da za ta sha lafiya lau. Wanda ya ƙara sifirin ya tsaya nan, ƙarfin motar bai ƙaru yadda yake zato ba, ya dai rufe bakin shaidar da ke faɗa masa gaskiya.

Mu kuwa mutane ne masu son juriya, wataƙila fiye da kima. Ƙasar da saurayi ke shekaru yana golmo a gonar surukai kafin a ba shi mata, ƙasar da da wuya ka sami gidan da bai ba da soja ba, har marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami janar ne, ba abin mamaki ba ne a yabi mota da cewa ba ta raki. Amma juriyar mai golmo tasa ce, bayansa ne ke ciwo. Juriyar da ake yi wa mota kirari da ita, fasinja ne ke biyan kuɗinta idan ta ƙare.

Akwai wani tsohon soja a majalisar, Kirista ne, ya yi Laberiya zamanin ECOMOG, kowa Baba yake ce masa. Ba ya yawan magana sai an taɓo taya. Da maganar malamin nan ta sake tasowa, sai ya ce a littafin Maimaitawar Shari'a an umarci mai gina sabon gida ya yi wa soronsa ɗan katanga, don kada wani ya faɗo jininsa ya hau kan gidan. Ya nuna kejin motar ƙanena da sandarsa ya ce, "Ɗana, wannan soro ne ka gina." A Zuru, inda za ka tarar da liman da fasto kaka ɗaya ya haifi iyayensu, irin wannan ba ya jawo gardama. Kowa ya ji abin da ake nufi.

Sai dai masu motar suna da hujja, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Mai ɗaukar buhu goma rak a sawu, idan ya cire mai da kamasho da abin da ake miƙawa a shingaye, zai koma gida da gajiya kawai. Ga kuma abin da ya fi mai tsada. Shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi yankin Wasagu da Sakaba, sawu biyu na nufin shiga daji sau biyu, na biyun kuma yamma ta yi. Matar da ta tare hanya da goyo tana cewa "Direba, don Allah don Annabi," idan ka wuce ta ba ka cece ta daga komai ba. Ka bar ta ne a inda mota ba za ta sake wucewa ba sai gobe. Wanda ya ɗauke ta bisa lodi yana iya zama ya fi wanda ya kiyaye ƙa'ida lada. Ban yarda da masu zama a ofis suna kiran direbobin karkara jahilai ba, ba su taɓa tsayawa a wannan mararrabar ba.

Larura gaskiya ce, amma malamai sun ce ana auna ta gwargwadonta, kuma ba a mayar da ita sana'a. Ni inda nake gane larura daga kwaɗayi shi ne inda kuɗin gyara ke tafiya. A majalisar nan za a yi awa guda a kan hon mai kukan tirela da fitila mai kashe ido, a yi rabin awa a kan mai rubutun da ya fi iya zana "Allah ya kiyaye" a ƙofar baya. Birki sai ya fara ƙara ake tuna shi. Taya kuwa ta Kwatano ake saye, a duba zanenta a ce da saura, ba a duba lambobi huɗun nan da ke gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Baba soja ne kaɗai na ga yana durƙusawa ya goge ƙura da babban yatsa ya karanta. Wanda larura ta tilasta wa wuce kima, shi ya kamata ya fi kowa tsoron birkinsa. Idan ya sami kuɗin falle uku bai sami na birki ba, ba talauci ne ya zaɓa masa ba.

Idan haɗari ya faru kuma sai a ce ƙaddara. Haka ne, babu abin da ke faruwa ba da sanin Allah ba, kuma da wannan ake rarrashin wanda aka yi wa rashi. Amma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke lamuni a shari'a ba. Wanda ya yi hayar dabba a kan kaya kaza, ya ƙara mata har ta halaka, malaman fiƙihu sun ce biya zai yi, ba su ce ajalinta ne ya zo a tashi ba. Uwar mamaci tana da ikon cewa haka Allah ya so. Mai motar da ya san birkinsa, bai kamata ya riga ta faɗa ba. Ba shi kaɗai ba ne kuma a cikin lamunin. Ɗan kamasho da ke cewa "saura mutum biyu" alhali babu wurin ɗaya yana ciki, mu 'yan kasuwa da ke matse kuɗin buhu har sai an ninka lodi muna ciki dumu-dumu.

Ƙanena bai cire fallensa ba, ban kuma ce ya cire ba, hanyar tana buƙatarsa. Abin da ya yi bayan kakar bara shi ne ya sauya birki gaba da baya, ya sa doka: in lodi ya cika ba mutum a sama, in kuwa dole a ɗauki mutane to a sauke buhu. 'Yan majalisa suna tsokanarsa wai ya zama jami'in kiyaye haɗurra ba albashi. Waɗanda ya ƙi ɗauka sukan hau motar da ke bayansa, wadda sau da yawa ta fi tasa lalacewa, kuma wannan yana cin ransa. Buhunan da ake saukewa galibi nawa ne. Ya kuma ƙara mini kuɗin dako a kan kowane buhu, muka yi ta ciniki a ƙofar shagona kamar ba ciki ɗaya muka fito ba, bai rage ko sisi ba.