Kafin Ƙarangiya Ta Zubar da Iri

'Yan'uwa cikin Almasihu, ruwa ya kusa ɗaukewa. Lokaci ya yi na yafa irin albasa da tumatir domin lambun rani, da kai taki fadama, da gyaran shinge tun ba a saki awaki ba.

Amma bari mu dubi filayen ɗakunan sujadarmu. Ƙarangiya ta yi kai. Idan mun tumɓuke ta yanzu da sauran laima a ƙasa, aikin safiya ɗaya ne. Idan mun bar ta ta bushe, sai ta maƙale a rigunan yaranmu, iri ya bazu, ta baɗi ta fi ta bana. Busasshiyar ciyawa kusa da jinka kuwa, cikin hunturu, tartsatsi ɗaya ya ishe ta.

Misalai sura 24 ta nuna mana gonar rago, ƙaya ta rufe ta, katangarta ta rushe. Ba rana ɗaya ta zama haka ba. Haka nan gaba take tsakanin masu bi. Akwai waɗansunmu da ba su gaisa ba tun rikicin iyakar gona lokacin shuka, yaransu kuma sun fara lura. Dattawan ekklesiya, mu sa ranar gayya cikin watan nan, mu ba mutanen nan gefe ɗaya su nome tare.