Mudun Da A Ke Ɓoyewa

Kowa ya san ka'idar kasuwa. Mai awo ya kan ajiye mudunsa a fili, mai saye ya gani, ya yarda ko ya wuce gaba. Amma a zamanin nan akwai wata babbar kasuwa, watau intanet, inda talaka ya kan kai ɗan aikinsa, ko ɗinki, ko hoto, ko karantarwa, domin ya sami abin sawa a bakin salati. Sau da yawa ya kan nemi shiga, sai amsa ta zo gajeriya: ba ka cancanta ba. Bisa wace ka'ida? Ba a faɗa masa. Ya gyara, ya sake nema, amsar ɗaya ce. Tambayarmu ke nan: mai ƙofa yana da ikon ɓoye mudun da ya ke auna masu shiga da shi?

Bari mu duba misali biyu. A watan Janairu 2018 YouTube, wanda ke hannun kamfanin Google, ya canja sharaɗin samun kuɗin talla. Dā in an kalli hotunan mutum sau 10,000 ya isa. Daga nan aka ce sai mai mabiya 1,000, wanda kuma aka kalli aikinsa sa'a 4,000 cikin wata 12. Ƙanana da yawa suka faɗi. Kamfanin da kansa ya ce kashi 99 cikin ɗari na waɗanda abin ya shafa ba su samun dala 100 a shekara. Sharaɗin yana da tsauri, amma a fili ya ke. Wanda aka hana ya san abin da ya rage masa, ya iya ƙirga, ya yi himma ko ya nemi wata sana'a.

Na biyun dabam ne. A watan Satumba 2021 jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta tona cewa Facebook yana da wani tsari mai suna XCheck. Masu suna da ke cikinsa, waɗanda yawansu ya kai miliyan 5.8 a 2020, ba a kan yi musu hukunci nan take kamar sauran jama'a in sun karya doka. Ba a yi shelar yadda a ke shiga wannan lissafi ba, alhali kuwa kamfanin yana cewa dokarsa ɗaya ce ga kowa. A Disamba 2022 hukumar sa ido wadda kamfanin ya kafa da kansa ta ce ga alama an gina tsarin domin biyan bukatar ciniki. Ashe mudu biyu ne, ɗaya a fili, ɗaya a cikin buhu.

Lalle masu kamfani suna da hujja, kuma bai kamata mu rena ta ba. Suna cewa, in mun bayyana kome, mayaudara za su koyi hanyar zamewa. Gaskiya ne, mai gadi ba ya faɗa wa ɓarawo sa'ar da ya ke zagaya. Amma a nan an haɗa abu biyu waɗanda ba ɗaya ba ne. Dabarar kama ɓarawo tana iya zama asiri. Sharaɗin shiga kuwa na mai gaskiya ne, shi ne ke bukatarsa. Ɓarawo ya kan gwada ƙofa sau ɗari da suna ɗari har ya gane sirrin. Mai gaskiya sunansa ɗaya ne, in aka kore shi ya tafi ke nan. Saboda haka ɓoyon ya fi cutar wanda ba a yi shi dominsa ba.

Suna kuma cewa, gidanmu ne, ba wanda ya tilasta muku. Wannan magana tana da ƙarfi in rijiyoyi suna da yawa a gari. Amma in rijiya ɗaya ce ko biyu, mai ita ya ɗauki nauyin jama'a ko bai so ba. Ya gayyaci mutane, sun ba da lokacinsu da aikinsu, da su ne kasuwarsa ta cika. Wanda ka ci amfanin gumi nasa, bashin bayani yana wuyanka.

Har wa yau, ɓoyayyar ka'ida tana yin ɓarna uku. Tana hana mutum gyara, gama bai san laifinsa ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Tana hana a gane kuskure, gama na'ura ma ta kan yi kuskure, kuma hukuncin da ba a faɗi dalilinsa ba, ba mai iya ɗaukaka ƙara a kansa. Tana kuma buɗe wa son kai hanya, gama babba yana da wanda zai kira a ofis, ƙarami ba shi da kowa.

Abin yana yiwuwa a gyara. A 2019 Tarayyar Turai ta kafa doka wadda ta fara aiki a Yuli 2020. Ta ce kamfanin da 'yan kasuwa ke ciniki ta hannunsa ya rubuta tun farko dalilan da za su sa a dakatar da mutum, ya faɗi dalili in ya dakatar, ya kuma ba da gargaɗin kwana 30 kafin ya rufe masa ƙofa ɗungum, sai fa inda doka ta keɓe. Kamfanonin ba su rushe ba sabili da haka.

To, 'yan'uwa, kada mu tsaya ga zargin manya na nesa. Mu ma muna riƙe da ƙofofi. Wani yana ɗaukan ma'aikata, wani yana ba da hayar ɗaki, wata ita ce uwar adashi, wani yana cikin masu zaɓen yaran da za a biya wa kuɗin makaranta. In za mu hana, muna da iko. Amma bari mu faɗi sharaɗinmu kafin a nema, mu faɗi dalili in mun ƙi, mu auna ɗan mai kuɗi da ɗan gwauruwa da mudu ɗaya. Ka'idar da mu ke jin kunyar faɗinta a gaban jama'a, mu sake dubanta, gama mai yiwuwa ne ba ta cancanci a riƙe ta ba.