Halaccin Neman Aikin Lauya da Alƙalanci

Ɗan Gwiwa ta Jihar Jigawa da ya zaɓi karatun shari'a yakan yi shekara biyar a jami'a, galibi Bayero ta Kano ko Ahmadu Bello ta Zariya, inda ake koyar da dokar da Nijeriya ta gada daga Ingila tare da fiƙihun Musulunci. Daga nan sai shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda aka kafa a Legas a 1962, take kuma da reshe a Bagauda. In ya ci jarrabawa aka rantsar da shi, sai ya tafi yi wa ƙasa hidima. Bayan wajen shekara bakwai ke nan zai fara neman inda zai sa kansa: ofishin wani babban lauya a Kano ko Dutse, Ma'aikatar Shari'a ta jiha, kujerar majistare ko ta alƙali, sashen shari'a na banki, ko koyarwa a kwaleji irin ta Ringim. A Gwiwa kanta babu kasuwar lauya sosai, don rigimar gona da gado da aure takan mutu a gaban dagaci ko liman kafin ta kai kotu.

Kafin aikin ya samu, tambayoyi biyu na jiransa a gida. Ta farko: shin kuɗin lauya halal ne, alhali mutane na cewa sana'arsa mai da ƙarya gaskiya? Ta biyu: ya halatta mutum ya nemi alƙalanci da bakinsa?

Zargin da ake wa lauya yana da tarihi. A zamanin En'e, kotun alƙali ba ta san lauya ba. Doka ma ta hana shi tsayawa a cikinta, kuma sai bayan tsarin mulkin 1979 ne ƙofar ta buɗe. Alƙalai da muhutai kuwa daga zauren malamai suke fitowa, ko daga makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934. Talaka ya san lauya ne a kotun nasara, da baƙar riga da Turanci, yana fitar da wanda gari ya san ɓarawo ne. Wannan kallon bai gushe ba, ko da yake 'ya'yan malamai sun daɗe da shiga sana'ar. Muhammadu Bello, ɗan muhutin Katsina, ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1987 zuwa 1995, kuma Dahiru Musdapher, mutumin Babura, ya riƙe wannan kujera daga 2011 zuwa 2012.

Fiƙihu bai kalli lauya a matsayin baƙo ba. Babinsa shi ne wakilci a husuma, wato mutum ya ɗora wani ya yi magana a madadinsa gaban alƙali. An ruwaito cewa Sayyidina Ali yakan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu a ƙararrakinsa. Muhtasar na Halil, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka dogara da shi, ya yarda a naɗa wakili ɗaya ko da abokin husuma bai so ba, amma ya hana hakan in an riga an zauna kamar sau uku, sai da uzuri, don kada a mai da wakilci hanyar jan shari'a. Karɓar lada a kan wakilci kuma halal ne, matuƙar an san aikin an san ladan. Buƙatar ma a bayyane take: bazawarar da 'yan'uwan mijinta suka danne mata tumunin takaba ba lallai ta iya tsara maganarta a kotu ba, kuma shirunta ba ya nufin ba ta da gaskiya.

Iyakar da aka gindaya tana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 105, wadda ta hana zama mai kare maha'inta. Masu tafsiri sun ce ta sauka ne game da wani mutumin Madina da ya saci sulke ya jingina wa Bayahude, danginsa kuma suka zo neman a wanke shi. Akwai kuma hadisin Ummu Salama da ke cikin Muwaɗɗa, wanda ya nuna cewa wani yakan fi wani iya baki, a yanke masa abin da ba nasa ba, amma abin da ya karɓa yankin wuta ne. Ma'anarsa mai nauyi ce ga lauya: hukuncin kotu ba ya halatta haram, don haka cin nasara ba hujja ba ce a gobe ƙiyama. Wanda ya san gonar ba ta mai ƙararsa ba ce, ya kuma yi amfani da fasaha ya ƙwato masa ita, ya yi tarayya a zunubin.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne kare wanda ake tuhuma da laifi. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ɗauki kowa a matsayin marar laifi sai an tabbatar, ya kuma ba shi damar ɗaukar lauyan da yake so. Wannan bai yi nisa da fiƙihu ba, inda hujja ke wuyan mai da'awa, ake kuma kau da haddi da shubuha. Zargin gari ba ilimi ba ne, kuma tilasta wa masu gabatar da ƙara su kawo shaida ba ƙarya ba ce. Shari'ar Safiya Hussaini a Sakkwato a 2002 da ta Amina Lawal a Katsina a 2003 misali ne: kotunan ɗaukaka ƙara na Musulunci sun soke hukuncin jifa, kuma hujjojin da lauyoyi suka kawo, irin su janye iƙirari da mas'alar kwantaccen ciki, daga littattafan Malikiyya suka fito. Abin da ba ya halatta, a addini da ƙa'idar sana'ar baki ɗaya, shi ne ƙirƙirar shaida, ko koya wa shaida ƙarya, ko gaya wa kotu abin da lauya ya san ba haka yake ba.

Tambaya ta biyu ta fi tsauri, don nassin yana kallon mai nema ne kai tsaye. Manzon Allah (SAW) ya hana Abdurrahman ɗan Samura neman mulki, ya nuna masa cewa wanda ya nema akan bar shi da kayansa, wanda aka ɗora wa kuwa akan taimake shi. Wani hadisin ya kasa alƙalai uku, ɗaya kaɗai ya tsira. Saboda haka magabata suka riƙa gudun kujerar. Abu Hanifa ya ƙi karɓa daga halifa Mansur har aka tsare shi. Sahnun ya karɓi alƙalancin Ƙairawan ne bayan doguwar matsawa, kuma bai ɗauki albashi don kansa ba. To yau Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ce ke tallata gurbi, a cika fom, a yi jarrabawa da ganawa. Wanda ya zauna a zaure yana jiran a zo a roƙe shi zai tsufa yana jira.

Malaman mazhabar Malikiyya ba su bar mas'alar a dunƙule ba. Ibn Farhun, a Tabsiratul Hukkam, ya kasa neman alƙalanci gida biyar, daga wajibi har haram. Halil ya wajabta nema ga wanda babu wani cancantacce sai shi, ko wanda ke tsoron haƙƙi zai tozarta in ya ƙi, ya kuma haramta shi ga jahili da mai neman duniya. Hujjar masu halattawa ita ce Annabi Yusuf, wanda ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar ya kuma ambaci amanarsa da saninsa. A kan wannan ma'auni, cika fom ba shi ne abin zargi ba, tunda ita ce hanyar da hukuma ta shimfiɗa don tantance cancanta. Albashi ma ba matsala ba ne, don Alƙali Shuraihu, ɗaya daga cikin magabata, ya karɓi albashi a kan alƙalanci. Abin dubawa shi ne ilimi da manufa. Tun da Jigawa ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a 2000, alƙalin ƙauye yana iya fuskantar ƙarar da ta shafi dukiyar maraya ko 'yancin mutum, kuma takardar digiri ba ta tabbatar da cewa mai ita ya iya rabon gado ba.

Sayen gurbi kuwa hukuncinsa a fili yake. Malikiyya sun haramta ba da dukiya don samun alƙalanci, har suka ce naɗin ɓatacce ne. Takardar alfarma daga ɗan siyasa ta fi wuyar hukunci: in shaida ce ta gaskiya a kan cancanta babu laifi, in kuwa ta ture wanda ya fi cancanta, ko ta zama bashin da za a biya daga kan kujera, ta shiga babin cin amana.

A aikace, nauyin waɗannan hukunce-hukunce ya fi sauka kan sabon lauya, don shi ne mafi ƙarancin ikon cewa a'a. Tsarin mulki ya sa sharaɗin shekara goma kafin a zama alƙalin babbar kotu, saboda haka farkon aikinsa a ƙarƙashin wani yake yinsa, sau da yawa da ɗan abin da bai wuce kuɗin mota ba. Fayil ake miƙa masa, ba shi ke zaɓa ba. Akan aike shi ya nemi ɗage zama ba dalili, ko ya kai wa magatakarda na goro. Fiƙihu ya bambanta a nan: abin da yake zato ne kawai ba a ɗora masa bincikensa, amma abin da ya tabbatar zalunci ne, umarnin maigida ba ya wanke shi. Haka batun banki yake. Malamai da dama na ƙyamar aikin rubuta yarjejeniyar bashi da ruwa saboda hadisin da ya haɗa marubucin riba da masu shaidarta cikin la'ana, shi ya sa wasu ke karkata zuwa bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, ko zuwa Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da aka kafa a 1976 don tsaya wa marasa galihu, ko da yake gurabensu kaɗan ne idan aka kwatanta da masu nema.