Baƙi Sau Biyu

A watan Fabrairu na 2006, bayan an ƙone majami'u an kashe masu bi a Maiduguri, ramuwar gayya ta ɓarke a Anacha, ta kuma kai Inugu. Masu riƙe da adduna ba su tsaya tambayar addinin kowa ba, harshe da sutura sun ishe su shaida. Kiristocin Arewa mazauna unguwannin Hausawa, masu gadi da 'yan dako, suka shiga tsaka mai wuya: a gida ana farautarsu saboda sunan Yesu, a nan kuwa saboda Hausar bakinsu. Waɗansu suka fake a barikin soja, waɗansu suka ƙetare gadar Kwara zuwa Asaba. Na Fatakwal suka kwana cikin zullumi.

Irin waɗannan ne Manzo Bitrus ya rubuta wa wasiƙarsa ta fari, baƙin da suka warwatse a Galatiya da Kafadokiya, inda ya kwatanta bangaskiyarsu da zinariya a cikin wuta. Maƙeri ba ƙin zinariya yake yi ba sa'ad da ya narkar da ita, dattin yake so ya taso ya kwashe. Kisan kam muguntar mutane ce, za su kuwa amsa a gaban Allah. Amma a cikinsa Ubangiji ya kwashe dogara ga ƙabila da garin haihuwa, gama a ranar nan ba ɗayansu da ya ceci kowa. Mai bi ya kwana a filin bariki yana kiran sunan Yesu, kusa da maƙwabcinsa Musulmi da suka gudo tare.