TA TARA KUƊIN KUJERA, AN CE TA JIRA MIJI



Wata baiwar Allah ta turo tambaya. Malamar makaranta ce, shekarunta sun doshi 40, Allah bai kawo mijin ba. Shekara da shekaru tana adashe har kuɗin kujerar hajji suka cika. Mahaifinta ya rasu, yayanta ba shi da halin biyan tasa kujerar. Sai dangi suka ce ta ajiye kuɗin, in ta yi aure sa tafi da mijin. Ta ce: Malam, in jira?

Kafin a amsa, hadisan da suka hana mace tafiya ba muharrami ingantattu ne, suna cikin Bukhari da Muslim. Wani ya ambaci kwana uku, wani biyu, wani yini da dare. Akwai ma sahabin da aka sa sunansa cikin masu fita yaƙi, matarsa kuma ta nufi hajji, Manzon Allah (SAW) ya ce ya bar yaƙin ya raka ta. Da irin waɗannan Hanafiyya da Hanbaliyya suka sa muharrami sharaɗi. Ba wanda zai ce musu ba su da hujja.

To amma mu da muka tashi da Risala da Muwaɗɗa, me aka karantar da mu? Imam Malik ya tafi a kan cewa macen da ba ta taɓa hajji ba, kuma ba ta da muharramin da zai iya fita da ita, ba za ta bar farilla ba, sai ta bi ayarin mata. Shi ne abin da malamanmu ke kira rufƙa ma'amuna, wato amintaccen ayari. Shafi'iyya ma kusan haka suka ce. Sun duba cewa Sayyadina Umar ya yi wa matan Annabi (SAW) izinin hajji a hajjinsa na ƙarshe, ya haɗa su da Usman ɗan Affan da Abdurrahman ɗan Aufu. Ga kuma albishir ɗin da aka yi wa Adiyyu ɗan Hatim, cewa lokaci na zuwa da mace za ta taso daga Hira ta yi ɗawafi ba ta tsoron kowa sai Allah.

Abin da ya fi damuna ba saɓanin malamai ba ne, wannan kalmar ce ta "ki jira miji". Wa ya ba dangin tabbacin yana tafe? In ya zo, wa ya ce yana da kuɗin kujera? Kuma a 'yan shekarun nan kowa ya ga yadda Naira ke narkewa, kuɗin da ya isa bana ba lallai ya isa baɗi ba. Aure arziki ne da ba ya hannunta, hajji kuwa Allah ya riga ya sa mata ikonsa a hannu. Mun ɗaure mata abin da take iyawa da abin da ba ta da iko a kai, sannan mun kira shi kunya.

Wasu kuma sai su koma ga muharramin bogi, a rubuta mata wani ƙato da ba ta taɓa gani ba a matsayin wa. A 2012 an tsare ɗaruruwan maniyyata mata 'yan Najeriya a Jidda da Madina kan batun muharrami, aka dawo da wasu gida. Tun 2021 Saudiyya ta fara barin mata su yi rajista ba muharrami, don haka ƙaryar ma ba ta da sauran uzuri.

Kar wata ta ɗauki rubutun nan ta ce Malam ya halatta mata yawon buɗe ido a Dubai ita kaɗai fa. Rangwamen da Malikiyya suka yi a kan hajjin farilla ne, kuma da sharaɗin aminci. Amincin nan ma a duba shi da idon basira: wallahi wata tafiyar ta awa uku a hanyar Birnin Gwari ta fi jirgin Kano zuwa Jidda haɗari, amma ita ba a cika tambayar hukuncinta ba.

Abin da na ce mata: ta biya kujerarta ta hukumar alhazai ta jiharsu, ta nemi dattijan mata na unguwarsu da za su tafi bana ta shiga cikinsu, ta zauna da yayanta ta yi masa bayani cikin ladabi. In zuciyarta ta fi natsuwa da fatawar masu hanawa, ita ma hanya ce, ba ta yi laifi ba.

Wallahu a'alam.