Hasumiya da Rumbu: Don Wa Muke Gini?

Karanta: Farawa 11:1-9, Irmiya 22:13-17

Ɗan'uwa mai karatu, wataƙila kai ma wani yaro ya taɓa miƙo maka waya bayan an tashi daga sujada, ya nuna maka hoton Burj Khalifa ta Dubai, ya ce, "Baba, dubi mutanen da Allah ya sa wa albarka." Tsawonta mita 828, tana tsaye a inda kakannin mutanen suke kiwon raƙuma da kamun kifi. A Katar kuma, a 2019 aka buɗe gidan tarihin ƙasar da Jean Nouvel, mutumin Faransa, ya zana da siffar furen dutse na hamada, sannan a 2022 duniya ta ga filin wasa na Lusail. Kai kuwa da ke Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, sai ka waiga ka ga katangar da damina ta zubar ba a tayar ba. Me za ka ce wa yaron? Tsawon gini shi ne ma'aunin albarka?

Kada ka yi garajen cewa gini mai kyau zunubi ne. Allah ne ya ba Bezalel gwaninta don aikin alfarwa, Sulemanu kuma ya shekara 7 yana gina Haikali. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Hasumiyar Gobarau da ke birnin Katsina, wadda tarihi ke dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, da ƙasa da azara aka gina ta, tsawonta wajen mita 15. Sai an ɗora irinta fiye da 50 kafin a kamo Burj Khalifa. Amma ta yi ɗaruruwan shekaru tana amfanar mutanen gari: wurin ibada, wurin karatu, wurin hangen abokan gaba tun suna nesa. Darajarta ba ta tsaya ga tsawo ba. Saboda haka, in ka ga gini, akwai abubuwa uku da ya kamata ka tambaye shi.

Na farko, sunan wa yake ɗaukakawa? Mutanen Babila ba su yi laifi don sun iya gasa tubali ba. Laifinsu yana cikin niyyarsu: su yi wa kansu suna, su dogara ga aikin hannunsu. Littafin Farawa ya nuna mana cewa duk da tsawon da suke taƙama da shi, sai da Ubangiji ya sauko kafin ya duba abin. Ka lura da wani abu a zamaninmu. Duk lokacin da ake gina hasumiyar Dubai, sunanta Burj Dubai. A ƙarshen 2009 bashi ya sha wa birnin kai, maƙwabciyarsa Abu Dabi ta kawo ɗauki da dala biliyan 10. Ranar da aka buɗe ginin, 4 ga Janairun 2010, sai aka ji an raɗa masa sunan Shaihu Khalifa, sarkin Abu Dabi. Suna ba ya zama inda mutum ya ajiye shi.

Na biyu, da gumin wa aka yi shi? Hoton da yaron ya nuna maka bai ɗauko leburorin da suka zo daga Indiya da Nefal da Bangaladash ba, waɗanda suka ɗauki rodi da siminti cikin zafin da ya fi na watan Afrilu a Katsina. Ƙarƙashin tsarin kafala, da yawa ba su da ikon barin uban gida in bai yarda ba. Sai da duniya ta yi ta magana kafin Katar ta sassauta dokar sauya aiki a 2020, ta kuma fara mafi ƙarancin albashi a 2021. Wannan cuta tsohuwa ce. Annabi Irmiya ya tsaya gaban Sarki Yehoyakim, wanda ya gina bene da katakon al'ul, ya shafe shi da jan fenti, amma ya hana ma'aikata ladansu. Ya tuna masa da mahaifinsa Yosiya, wanda ya tsaya wa matalauta, ya ce masa wannan shi ne sanin Ubangiji. Kafin ka nuna Larabawa da yatsa, ɗan'uwa, ka duba gidanka. Yaron da ya kwaɓa maka ƙasa, da matar da ta yi ta jido ruwa a ka ranar da ake zuba dakin, ka biya su kafin rana ta faɗi, ko har yau "sai an sayar da masara" kake ce musu?

Na uku, wa yake fakewa a cikinsa? A nan ne maganar ta zo ƙofar gidanmu. Mun san daren 11 ga Disamban 2020, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Mun san ƙauyukan Faskari da Sabuwa da aka watse, aka ƙone rumbuna, gwauraye da marayu suka shigo gari da ƙunshin kaya a ka. Wanda ya kwana a daji yana sauraron ƙarar babura ya fi kowane mai zanen gini sanin amfanin ɗaki. Ba ya tambayar hawa nawa ne. Yana tambaya ko ƙofa za ta buɗe masa.

Yanzu ka kawo wannan cikin taron dattawan ikilisiya. Ga kuɗin baikon kaka a hannu. Wasu na son a ƙara wa majami'a tsawo, a ɗora hasumiyar ƙararrawa, don ta fi ta ƙauyen gaba. Suna da hujja: gidan Allah bai cancanci raini ba, Annabi Haggai ma ya tsauta wa waɗanda suka ƙawata gidajensu suka bar Haikali kango. Gaskiya ne, kuma in kwanon majami'a yana yoyo, a gyara shi. Amma in iyali bakwai na kwana a barandar makaranta, wace amsa za mu ba Almasihu, wanda ya ce abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa shi aka yi wa? Ɗakuna biyu na bulo a bayan majami'a, da rumbu guda na dawa wanda mabuɗinsa ke hannun zumuntar mata, ba za su shiga hoton kowa ba. Amma yaron da ya kwana a ciki zai girma yana sane da cewa ikilisiya ta buɗe masa ƙofa a daren da ba shi da kowa.

In ka sake haɗuwa da yaron nan mai waya, kada ka kushe masa hoton. Ku yaba gwanintar tare, domin basira daga Allah take. Sa'an nan ka kai shi ya ga rumbun.

Addu'a: Ya Ubangiji, kai ne mafakarmu. Ka tsare mu daga ginin neman suna, ka hana hannunmu riƙe haƙƙin ma'aikaci, ka sa ƙofofinmu su buɗe wa waɗanda aka kora daga gidajensu. Ka maido da salama a ƙasarmu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.