Barin Su Da Allah Bai Sauke Mana Nauyi Ba

Ƙananan hukumomi uku ne suka haɗu a kan kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya: Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa. Kowacce kuma tana da wakilinta cikin 'yan majalisar dokokin jihar Katsina su 34. A yankin nan namu, duk lokacin da hira ta kai kan dukiyar masu riƙe da irin waɗannan kujeru da ta hadimansu, ƙarshenta ɗaya ne. Wani dattijo zai numfasa ya ce, "A bar su da Allah, akwai ranar hisabi." Daga nan kowa ya yi shiru.

Na yi imani da ranar hisabi, kuma na san babu ƙwayar zarra da za ta ɓace a cikinta. Abin da ke damuna shi ne yadda muka mayar da hisabin lahira dalilin barin hisabin duniya. Shin addini ya ce mu danƙa wa mutum amanar jama'a, mu juya baya, mu jira tashin ƙiyama? Abin da na karanta a gaban malamaina ya nuna akasin haka.

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kaso ya ce kyauta aka ba shi. Annabi ya hau mumbari ya tambaya, da mutumin ya zauna a gidan iyayensa, da an kawo masa wannan kyautar? Abin lura shi ne Sahabi ne, kuma duk da haka an zaunar da shi an yi masa lissafi. Sayyidina Umar ya ɗora a kan wannan. Yakan rubuta dukiyar gwamna ranar da ya naɗa shi, idan ta ƙaru fiye da kima ya karɓe wani sashe ya mayar baitulmali. Yana kuma da Muhammadu ɗan Maslama, wanda yake aikawa ya binciki gwamnoni, kuma ba a ƙarƙashin kowane gwamna yake ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin al'adun zalunci. Idan mutanen da suka fi mu taƙawa sun ga bukatar mai bincike daga waje, da wace hujja za mu ce wakilinmu na yau tsoron Allah kaɗai ya ishe shi?

A yau Majalisar Dattawa da ta Wakilai kowacce tana da kwamitin ɗa'a, amma 'yan majalisa ne ke cikinsa, shugabannin majalisa ne kuma ke zaɓen su. Mun ga abin da hakan ya haifar. A 2016 Abdulmumin Jibrin, wakilin Kiru da Bebeji, ya zargi shugabannin Majalisar Wakilai da cusa kuɗi a kasafi. Kwamitin ɗa'a ya zauna, aka dakatar da shi na kwanakin zama 180. A Maris 2024 Sanata Abdul Ningi ya yi irin wannan zargi a hirarsa da BBC Hausa, aka dakatar da shi wata uku. Ko gaskiya suka faɗa ko kuskure, gidan da ake ƙara shi ne ya yanke hukunci. Fiƙihu bai yarda alƙali ya yi hukunci a shari'ar da yake da rabo a cikinta ba, bai kuma karɓi shaidar mutum ga kansa ba. Dalilin shi ne son kai yana rufe idon mutumin kirki ma. Ko a kasuwar shanu ta Sheme ba a ƙulla babban ciniki sai da dillali da shaidu, kuma babu mai saniyar da ke ɗaukar haka a matsayin an kira shi ɓarawo.

Ba 'yan majalisa kaɗai ba ne. Akwai akawun kwamiti, da mataimaka na musamman, da waɗanda muke kira yaran Honarabul. Ta hannunsu takardar kwangila ke bi, su ke rubuta sunayen masu samun taki da keken ɗinki, su ke cewa wa zai shiga wa zai tsaya a ƙofa. A binciken tallafin man fetur na 2012, wanda ya kai shugaban kwamitin binciken, Farouk Lawan, gidan yari bayan an same shi da laifin karɓar dala 500,000, tare da sakataren kwamitin aka fara gurfanar da shi, kafin daga baya sakataren ya koma shaida. An kama laifin a 2012, hukunci bai fito ba sai 2021. Binciken da ya tsaya kan mai kujera ya bar hadiminsa, rabin aiki ya yi.

Tsarin mulkin 1999 ya tanadi Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, wadda kowane ɗan majalisa zai bayyana mata kadarorinsa idan ya hau kujera da kuma idan zai sauka. Ya kuma ce ɗan ƙasa na iya duba waɗannan bayanai bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya za ta gindaya. Shekara da shekaru hukumar tana hana masu nema gani, da hujjar cewa majalisar ba ta gindaya sharuɗɗan ba. Mabuɗin yana hannun waɗanda ake son a duba. Mu Katsinawa mun san ba dole ba ne a zauna haka, domin a 2007 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bayyana kadarorinsa ga duniya ba tare da an tilasta shi ba, kuma babu abin da ya ragu daga mutuncinsa.

Akwai suka biyu da na ɗauka da muhimmanci. Na farko, addini ya hana mummunan zato da bin diddigin asirin mutane. Haka ne, amma wannan hani yana kare abin da mutum ke yi a cikin gidansa ne. Kuɗin rijiyar burtsatse da aka ware wa wani ƙauye a Sabuwa haƙƙin mutanen ƙauyen ne, kuma tambayar inda ya shiga neman haƙƙi ce. Bincike na adalci ma shi ke kashe zato, domin wakilin kirki a yau ba shi da inda zai je a wanke shi.

Na biyu, wa zai binciki mai binciken? Mun ga yadda ake zargin cewa fadar shugaban ƙasa na amfani da hukumomin bincike wajen murƙushe abokan hamayya. Wannan haɗari ne na gaske, kuma maganinsa yana cikin yadda aka gina hukumar. Kada mutum ɗaya ya naɗa mambobinta. A ɗauko su daga tsofaffin alƙalai, masana lissafin kuɗi da malaman addini, a ba su wa'adin da ba a sabuntawa, kuɗin aikinsu kuma kada ya bi ta hannun waɗanda suke bincika. Rahotonsu ya fito fili, har da Hausa, a karanta shi a rediyo. Birtaniya ta bi wannan hanya a 2009, bayan abin kunyar kuɗin alawus na 'yan majalisarta, ta karɓe lissafin daga hannunsu ta ba wata hukuma mai zaman kanta.

A wurinmu wannan zance ne na rayuwa. Mu ne aka sace wa ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020. Mu ne manomanmu suka bar gonakin masara da auduga saboda 'yan bindiga. A 2019 Shugaba Buhari ya ce an kashe kusan naira tiriliyan 1 cikin shekara 10 a ayyukan mazaɓu, ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba. Kowane ajin da aka rubuta a takarda ba a gina ba, yara ne aka bari a daji ba karatu.

Mu ma muna da namu alhakin. Wanda ya yi sammako ƙofar Honarabul neman kuɗin suna ko na biki ba zai iya buɗe baki ya tambayi asalin kuɗin ba. Dole mu rage roƙo idan muna son bakinmu ya yi nauyi. Idan lokacin zaɓe ya zo, duk mai neman ƙuri'armu a Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa mu tambaye shi a bainar jama'a: zai bayyana kadarorinsa da na hadimansa? Zai goyi bayan dokar da za ta ba wani daga waje ikon bincikarsa? Malamanmu kuma su faɗi wannan a huɗubar Juma'a, domin hani daga mummuna wajibi ne da aka ɗora wa masu rai. Ranar hisabin da muke ambato ba wakilai kaɗai za a tsayar ba, za a tambaye mu abin da muka gani muka yi shiru.